Ku kai dattijo wurin likita tun bai manta hanyar gida ba

Akwai abin da yake ci min tuwo a ƙwarya a gidajenmu na nan Jos. Yaro ya kwana da zazzaɓi, da safe an goya shi sai asibiti. Amma dattijo zai shekara yana maimaita tambaya ɗaya tun safe har dare, yana ɓacewa tsakanin masallaci da ƙofar gidansa, sai a ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Wani gidan a ce iska ce, wani a ce asiri aka yi masa. In kuwa tsohuwa ce marar gata, ta fita da dare tana sambatu, Allah ya kiyaye, sai a laƙaba mata maita.

Jama'a, tsufa kaɗai ba ya sa mutum ya manta sunan ɗan cikinsa. Cuta ce a ƙwaƙwalwa, ana ce mata cutar mantuwa. Tun a 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana labarin wata mata da ya fara dubawa tana da shekara 51, tana ruɗewa tana zargin mijinta. Da ta rasu ya duba ƙwaƙwalwarta, ya tarar da wani abu ya daskare tsakanin ƙwayoyinta, su kansu ƙwayoyin sun cukurkuɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. Masu cewa ciwon Turawa ne su sake tunani.

Likitocinmu ma sun yi rawar gani a binciken. A 1992 aka fara wani nazari da ya kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fata na Indianapolis a Amurka. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi suna cikin jagororinsa. An gano cutar ta fi kama na Amurka nesa ba kusa ba, abin da ya sa aka ƙara zura ido kan abinci, jijiyoyin jini da yanayin zama. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka yi gwajin. Sun tsara tambayoyin da wanda bai yi boko ba zai iya amsawa, kuma suna zama da wani na kusa da tsohon su ji ta bakinsa.

Na ga irin wannan da idona lokacin da muka kai gwaggona wurin wata likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ba ta fara da na'ura ba. Ta matso da kujera ta ce, "Mama, zan faɗi abu uku, ki riƙe min su: goro, tabarma, akuya." Sai ta shiga hira, yau wace rana ce, me aka ci da safe, me ake sakawa a miyan kuka. Gwaggo, wadda ta yi shekaru tana tuwon sayarwa, ta ce kuka, ta ce daddawa, sai ta yi shiru tana murza bakin mayafinta. Da aka dawo kan abu ukun, goro kaɗai ta tuna. Daga nan likitar ta juya ga matar ɗanta, ta yi mata tambayoyi fiye da waɗanda ta yi wa gwaggo: yaushe abin ya fara, a hankali ne ko farat ɗaya, ta taɓa faɗuwa, wane magani take sha, tana barin tukunya a wuta?

Dalilin waɗannan tambayoyin shi ne wasu ruɗewar suna da magani. Ƙarancin sinadarin B12, rashin aikin thyroid (wurin da maƙoƙo ke fitowa a wuya) yadda ya kamata, ciwon damuwa, jini da ya taru a ka bayan faɗuwa, ciwon mafitsara, har da magungunan barci da ake saya a kemis, duk suna iya ruɗa tsoho. Wanda aka bari a ɗaki ana cewa tsufa ne, wataƙila gwajin jini ɗaya ne tsakaninsa da samun sauƙi. Ku yi addu'a, ku yi ruƙiyya in kuna so, amma ku haɗa da asibiti. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana nan a Lamingo.

Ba zan yi muku romon baka ba. In Alzheimer ce, wato nau'in cutar mantuwa da aka sa wa sunan wancan likita Bajamushe, har yau ba a samo maganin da ke warkar da ita ba. Magunguna irin su donepezil suna rage alamomi ne na wani lokaci. Amma sanin sunan ciwon yana kashe fitina a gida. Tsohon da ya ɓoye kuɗinsa ya manta, zai rantse matar ɗansa ce ta sace. Aure nawa ya girgiza a kan wannan? Ita ce mai wanki, mai wanka, mai kwana ido biyu, kuma ita ce ɓarauniya. 'Ya'ya maza da ke aiko kuɗi daga Abuja, ku zo ku karɓe ta ko na ƙarshen mako ne, ta yi barci.

Mu da ke tsakanin shekara 40 da 60 kuma, lissafinmu ya riga ya fara. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar suna da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba, raunin ji da na gani, da zaman kaɗaici. Hawan jini na lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye, ko da mutum bai taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba. Ga shi mu da mun ji sauƙi sai mu ajiye magani. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, don Allah ya ci gaba da sha, wanda kuma rabonsa da awo ya manta, ya tsaya a asibitin unguwa a wannan makon a auna shi.