Makaman da suka ci Al-Fashir ba a Darfur aka ƙera su ba

Tun ranar 26 ga Oktoban 2025 da dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin gwamnatin Sudan, suka shiga Al-Fashir, babban birnin Darfur ta Arewa, bayan kusan wata 18 suna yi wa birnin ƙawanya, wata magana ke ta yawo a bakin masu sharhi, har da namu na rediyo da na Facebook. Wai rikicin Sudan faɗa ne tsakanin janar biyu masu kwaɗayin mulki, Burhan, shugaban sojoji, da Hemedti, shugaban RSF, don haka babu abin yi sai a zuba musu ido har su gaji. Maganar nan tana ƙona mini rai, domin babu wanda ta yi wa amfani kamar masu kai makaman.

Kwaɗayin mulki kam akwai shi, ban musa ba. Amma a duba yadda shekarar 2025 ta kasance. A watan Janairu sojojin gwamnati suka ƙwace Wad Madani daga hannun RSF. A watan Maris suka kore ta daga fadar shugaban ƙasa a Khartum. Kowa ya ɗauka ƙarfinta ya ƙare. Sai ga shi a watan Mayu jiragenta marasa matuƙa suna ta luguden wuta kan Port Sudan kwana da kwanaki, gari da ke can bakin Bahar Maliya, nesa ƙwarai da Darfur. Wannan runduna ba ta da masana'antar ƙera jirage, ba ta da tashar jiragen ruwa, asalinta ma mayaƙan Janjawid ne da Umar al-Bashir ya ba su kaki a 2013. Runduna irin wannan ba ta ci gaba da samun sababbin jirage da manyan bindigogi da man fetur fiye da shekara biyu sai da wani mai kuɗi a bayanta.

Kuma wannan mai kuɗi an daɗe ana nuna shi da yatsa. A farkon 2024 ƙwararrun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa kan Sudan suka ce zargin da ake yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta filin jirgin saman Amdjarass da ke gabashin Chadi zargi ne mai ƙarfi. Daular ta ce asibiti ta gina a can don 'yan gudun hijira. A watan Nuwamban 2024, ƙungiyar Amnesty International ta nuna hotunan motocin yaƙi masu sulke ƙirar Daular a hannun RSF, ɗauke da na'urar kariya mai suna Galix da kamfanonin Faransa suka ƙera. A watan Mayun 2025 ƙungiyar ta sake gano bama-bamai masu bin umarni da manyan bindigogin atilare na kamfanin Norinco na ƙasar Sin, ta kuma ce ta hannun Daular suka bi kafin su isa Sudan. Ga kuma tsofaffin sojojin Kolombiya da aka ɗauko haya daga wata nahiya, har shugaban ƙasarsu Gustavo Petro ya fito fili yana Allah wadai da lamarin.

Kuɗin ma ba a ɓoye suke ba. Iyalan Hemedti sun yi arziki ne da zinaren Darfur, musamman na Jabal Amir, kuma Dubai ce babbar kasuwar zinaren Sudan, na ɓangarorin biyu. Dangantakar ta faro ne tun lokacin da aka tura mayaƙan RSF yaƙin Yemen a ƙarƙashin ƙawancen Saudiyya da Daular. Zinare na fita, makami na shigowa, kuma muddin wannan hanya tana buɗe, babu dalilin da zai sa Hemedti ya gaji.

Masu cewa babu hujja suna kafa dalili da cewa a watan Mayun 2025 Kotun Duniya ta yi watsi da ƙarar da Sudan ta kai Daular. Kotun cewa ta yi ba ta da hurumin sauraron shari'ar, ko shaida ɗaya ba ta auna ba, kuma duk wanda ya mayar da wannan wankewa yana yaudarar jama'a ne.

Ga abin da makaman suka aikata. A Al-Jinaina a 2023, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa an kashe mutum tsakanin 10,000 zuwa 15,000, yawancinsu 'yan ƙabilar Masalit. A watan Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke kusa da Al-Fashir, sannan a watan Afrilun 2025 RSF ta afka wa sansanin ta tarwatsa mutanen da ke ciki. Bayan faɗuwar Al-Fashir, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton kashe sama da mutum 460 a asibitin haihuwa na Saudiyya da ke cikin birnin, marasa lafiya da masu jinyarsu. Masu bincike na Jami'ar Yale sun hango alamun gawarwaki da jini a ƙasa daga hotunan tauraron ɗan'adam. Musulmi ne waɗannan, masu salla da azumi, kuma wata ƙasar Musulmi mai arziki ake zargi da sayen harsashin da aka harbe su da shi. Na rasa dalilin da ya sa masallatanmu da ke alƙunutu kan Gaza, kuma sun yi daidai, suke jin nauyin ambaton Darfur.

Kada a ɗauka na wanke sojojin Burhan. Su ma daga waje aka farfaɗo da su. Jirage marasa matuƙa, Mohajer na Iran da Bayraktar na Turkiyya, ne suka juya musu yaƙin Khartum, Masar kuwa tun farko tana tare da su. Jiragensu sun jefa bama-bamai kan kasuwanni a Darfur, kamar ta Kabkabiya a watan Disamban 2024, inda talakawa masu saye da sayarwa suka mutu. Amurka da ta ce RSF ta aikata kisan ƙare dangi ta kuma sa wa Hemedti takunkumi a watan Janairun 2025, ba ta yi kwana goma ba ta sa wa Burhan nasa. Waɗanda ke ganin mafita ita ce a ƙara wa sojoji makamai su gama aikin, mafarki suke yi, domin duk jirgin da aka ba wannan ɓangare, akwai mai biyan kuɗin wanda ya fi shi ga wancan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne teburin sulhun. A watan Satumban 2025 ƙasashe huɗu, Amurka da Saudiyya da Masar da Daular Larabawa, suka fitar da shawarar tsagaita wuta na wata uku. Biyu daga cikin huɗun ana zarginsu da mara wa masu faɗan baya. Kura ce aka ba tsaron awaki. Ba a yi wata biyu da wannan sanarwa ba Al-Fashir ta faɗi. Ita kuwa Amurka, a watan Mayun 2025 ta amince da sayar wa Daular jiragen sama da kayan yaƙi na kimanin dala biliyan 1.4, duk da ƙorafin wasu 'yan majalisarta irin su Sanata Chris Van Hollen. Takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa tun 2004, Darfur kaɗai ya shafa, kuma ko a can ɗin ana keta shi da rana tsaka ba tare da an hukunta ƙasa ko ɗaya ba. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta dakatar da Sudan tun juyin mulkin 2021, daga nan sai sanarwa bayan sanarwa.

Mu Hausawa ba 'yan kallo ba ne a nan. Muna da 'yan'uwa da yawa a Sudan, jikokin alhazan da suka bi hanyar Makka da ƙafa da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903, suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jihar Sennar da garin yake, RSF ta kutsa cikinta a 2024. Sannan mun ga abin da ya biyo bayan rushewar Libiya a 2011, yadda makaman Gaddafi suka watsu zuwa Mali da sauran Sahel. Tsakanin Darfur da Tafkin Chadi ƙasa ɗaya ce tal, kuma ta cikinta ake zargin makaman suna bi. Bindigar da aka sauke a Amdjarass ba ta da takardar da ta ce dole sai gabas za ta nufa.

Abin yi a fili yake. A faɗaɗa takunkumin ya rufe Sudan baki ɗaya, a daina sayar wa duk ƙasar da aka kama tana karkatar da makamai, a bi sawun zinaren. Nijeriya da Nijar, da su ne wutar za ta fara lasa bayan Chadi, su daina jin kunyar kiran sunan Daular Larabawa a zaurukan Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya saboda biza da jarin da suke hange, su kuma tambayi N'Djamena abin da jiragen dakon kaya ke saukewa a Amdjarass.