Ruwan tallafi yana wanke mota, mu muna sayen bido a sefa 50

Wallahi yau raina ya ɓaci, kuma wannan karon ba zan haɗiye ba. Ku da kuke zaman haya a nan Garwa ta Kamaru kun san yadda watan Afrilu yake, ba sai na tsaya ina muku bayanin zafi ba, ruwan randa ma kafin azahar ya zama na shayi.

Tun asuba na kai biduna layi a gidan Alhajin da muke sayen ruwa a kartiyenmu, na koma na dama wa yara koko. Na dawo rana ta ɗaga, layi bai motsa ba ko taku ɗaya. Ashe ɗan gidan ne ya ja tiyon zuwa ƙofar gareji yana wanke motar babansa. Mu mata muna tsaye, wata da goyo, wata dattijuwa ta gaji ta zauna a kan bidonta, kumfa tana gangarowa ta tsakanin ƙafafunmu tana shiga kwata.

Na ce, "Ɗan nan, don Allah ka cika mana ko bibbiyu ne, in ya so sai ka ƙarasa wankin."

Bai juyo ba. Ya gama tayar gaba, ya zagaya ta baya, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Na sake magana. Sai ya miƙe, ya yarfe hannu, ya kalle ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malama, ke kike biyan faktir ɗin ruwan gidan nan?"

Malama! Yaron da ranar sunansa ina cikin waɗanda suka tuƙa tuwo a gidan, yau ko Inna ban samu ba, na koma malama. Na danne zuciyata na ce, "Ba kyauta muke ɗiba ba ai, da kuɗinmu muka zo."

Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Af, kin ma tuna min. Daga yau bido dala goma ne, an daina dala biyar." Wato sefa 50 maimakon 25.

Na ce, "Me ya tashi? Kamfani ne ya ƙara kuɗi?"

Ya ce, "Rana ce ta tashi. In ya miki tsada ga Binuwai can kyauta ne, ko ki je ki jawo naki famfon." Ya koma kan gilashin mota abinsa.

To madalla da wannan shawara, ashe duk shekarun nan dabarar ce ba ta zo min ba! In jawo famfo a gidan wa? Gidan haya ne, mai gidan ya ce duk mai so ya biya da aljihunsa kuma ranar da ya tashi ya bar masa kontar, wato mitar ruwan, a nan. Bututun ma bai shigo lungunmu ba, a bakin kwalta ya tsaya, sai ka sayi na ƙarin da kanka. Wadda take lissafin kuɗin gawayi kullum a ina za ta tara wannan?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ruwan nan da yake wanke taya da shi, a takarda namu ne. An ce an yi farashi mai sauƙi domin talaka: mita kubik 10 na farko a wata sefa 293 kowane ɗaya, abin da ya haura sefa 364. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ne, bido 50 ke nan na lita 20. Ku buga lissafin da kanku, bido ɗaya yana faɗo wa mai kontar a kusan sefa 6, in ya yi tsada 7 da 'yan kai. Ni an sayar min 50. Gidan da ke shan bido 8 a rana zai zubar da jaka 12, wato sefa 12,000, a wata, alhali wannan ruwan a faktir bai kai jaka ɗaya da rabi ba. Wanda kuma mai pus-pus ke kawo masa har ƙofa, nasa lissafin sai Allah.

Har harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, an yafe wa gidan da bai wuce mita kubik 20 a wata ba, tun dokar kasafin 2019. An yafe wa wa? Wanda yake da kontar mana. Ƙanwata suna da kontar ɗaya a gidan hayarsu, ɗakuna rututu, kafin sati biyu sun cinye goman nan sun faɗa farashi na sama, don injin bai san iyali nawa ke sha ba. Mai gida shi da matarsa da 'ya'ya biyu a bayan katanga kuwa yana nan cikin sahun talakawa, Allah Sarki.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Bankin Duniya da kansa a rahotonsa na 2019 ya duba ƙasashe 10 ya ce kashi 56 cikin ɗari na tallafin ruwa yana tafiya ga kashi 20 mafi arziki, kashi 20 mafi talauci kuma kashi 6 kacal suke samu. Su masu ba da bashin sun faɗa, namu manyan da ke zuwa taro da su ba su ji ba ne?

Garin da kogi ya ratsa ta gefensa, ga madatsar Lagdo tun 1982 da ruwan da in an sake shi har Najeriya yake cin gari, amma mace tana roƙon yaro ya ɗan dakata da wankin mota. A 2008 aka ba 'yan Maroko rabon ruwa, a 2018 gwamnati ta karɓe abinta, mu dai bidonmu bai canza ba sai kuɗinsa. Lokacin CAN, gasar ƙwallon ƙafa ta kofin Afirka, a 2022 kowa ya ga ciyawar filin Rumde Ajiya shar da ita a tsakiyar rani, to ashe an san hanyar kai ruwa inda ake so. In kwalara ta ɓarke kuma sai a cika rediyo da ku wanke hannu da sabulu. Da wane ruwan? Na dala goma?

Mu ma jama'a da namu halin, kowa ya samu famfo sai ya mai da maƙwabtansa gonarsa, ya fito daga masallaci ya ƙara kuɗin bido. Ni ban roƙi kyauta ba. In da gaske tallafin na talaka ne a cire shi daga faktir ɗin masu gareji a zuba a jawo bututu cikin lungu, a bar mutum ya biya kuɗin haɗawa kaɗan-kaɗan, a kafa famfon unguwa a rubuta farashi ɓaro-ɓaro a bango. 'Yan meri, ma'aikatan magajin gari, da ke bin mu kasuwa da tikiti kowace safiya sun san lungunmu sarai, su zo su auna.