Masu kallon hawa a cikin ruwa su ma baƙin Sarki ne

A 'yan shekarun baya Babbar Sallah ta yi ta faɗowa cikin damina: ta 2019 ta zo ranar 11 ga Agusta, watan da ruwa ya fi ƙarfi a Sakkwato, ta 2021 kuma ranar 20 ga Yuli. A ɗaya daga cikin irin waɗannan salloli ne na ɗauki mahaifiyata da 'ya'yana biyu, bayan an sauko Idi, muka nufi Kanwuri domin mu ga dawowar Sarkin Musulmi fada. Ba mu daɗe da samun wurin tsayuwa ba hadari ya haɗu daga gabas, iska ta taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na ce da ita, "Inna, mu koma gida." Ta ja mayafinta ta lulluɓe ƙaramar jikarta, ta ce, "Wanga ruwa rahama na, ba inda za mu sai mun ga laima."

Ba mu kaɗai muka ƙi motsawa ba. Samari sun kifa buhuna a ka, shaddar Sallah ta manne wa mutane a jiki, mata masu goyo sun cunkushe a ƙarƙashin 'yar rumfar wani mai shago, amma da aka ji kakaki kowa ya manta da sanyi, yara suka hau wuyan iyayensu suna nuna jajayen rigunan dogarai.

Akwai masu ganin cewa wahalar banza ce mutum ya fito da iyalinsa cikin ruwa, tunda hotunan hawan za su iso shi a waya kafin la'asar. Ban yarda da su ba. Mahaifiyata ta yi wayo a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988, kuma a ranar nan tana tsaye cikin caɓi tana nuna wa jikokinta ɗansa, Muhammadu Sa'ad Abubakar, Sarkin Musulmi na 20, wanda aka naɗa a 2006. A 'yan mintocin nan ta ba su labarin Shehu Usmanu da Muhammadu Bello, da yadda aka kafa garin a 1809, suka kuwa riƙe shi fiye da yadda suke riƙe abin da ke cikin littafin makaranta.

Saboda haka nake ganin mutanen da ke tsayuwa a bakin titi sun cancanci a yi musu tanadi, domin su ne ke cika hawa, kuma ba su da gayyata ko kujera. Ina roƙon duk masu hannu a shirya irin wannan taro, su kafa rumfuna a gefen hanya inda tsofaffi da mata masu goyo za su fake, a yashe magudanan ruwa tun kafin ranar, a kuma ajiye ma'aikatan agaji kusa da jama'a. Abin da ya fi damuna shi ne dawaki. Jiƙaƙƙiyar kwalta tana da santsi, tsawa tana firgita doki, yara kuma kullum su ne a sahun gaba. Igiya ko shinge tsakanin mahaya da 'yan kallo ba zai ci kuɗi mai yawa ba.

Kada a ce ai Sallah ta kusa fita daga damina, tunda tana matsowa da kwana 11 ko kusa da haka kowace shekara. Cikin bazara take shiga, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce maki 40, kuma rumfar da za ta tare ruwa ita ce za ta tare rana.

Mu iyaye ma da namu aikin: mu fito da laima da busassun tufafin yara a leda, mu riƙe hannunsu, mu tsaya nesa da ƙafar doki. Ni dai ranar nan ban yi ko ɗaya daga cikin shirin tufafin ba, kuma sai da ƙaramar ta kwana biyu tana fama da mura.