Fitilar da ta taya surukina cewa amin

Tunda bidiyon abin da fitilar bayan talabijin ɗina ta yi min a gaban surukina ya riga ya zaga guruf ɗin dangi har ya tsallaka na 'yan ajinmu, gara in faɗi nawa da bakina. Wanda ya ɗauka ya san kansa, kuma zan zo kansa.

A gidan wani Injiniya a Rikkos, nan Jos, na ga abin: talabijin a jikin bango, haske na fitowa ta bayanta a hankali kamar wata ya ɓuya a gajimare. Washegari ina kasuwar Terminus, na dawo da kwali a hammata. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba jahilci ya kai ni ba. Ni da nake haɗa wa mutane sola da dish, na san amfanin abin sarai. Kallon allo mai haske a ɗaki mai duhu yana gajiyar da ido, in an sa ɗan haske a bango ta baya sai ido ya huta, baƙin da ke allon ma ya ƙara fitowa baƙi. Tun 2004 Philips suke gina irin wannan a jikin talabijin ɗinsu, suna ce masa Ambilight. Masu harkar gyaran hoto kuwa ƙa'idarsu a fili take: fari tas mai lamba 6500K, wato irin farin hasken rana, ƙarfinsa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na farin allon. Fari kawai. Ni kuma na je na sayo mai launi iri-iri, mai rimot, mai manhajar waya, har da ɗan makirufo a jikin akwatinta, wai tana bin sauti.

Talabijin ɗina inci 55 ce, wajen santimita 123 a faɗi, 71 a tsaye. In ka shigo ciki da santimita 5 daga kowane gefe, igiyar fitilar da za ta zagaye ta kusan mita uku da rabi ce. Na liƙa da yamma, da safe na tarar da rabi tana reto. Ƙurar hunturun Jos ce kwance a bayan talabijin ɗin, gam ɗin ya kama ƙura ya bar roba. Sai an goge da sipirit, ya bushe, sannan a danna kowane taƙi a riƙe na ɗan lokaci. A kwana kuma ba a naɗe ta kamar takarda, ana sakar mata ɗan lanƙwasa ne kamar kunnen jaka. Ni na karya kwanar farko ƙas, layin jan ƙarfen ciki ya tsinke. Irin wannan igiyar kowane ƙwai daga na bayansa yake karɓar umarni ya miƙa gaba, shi ya sa ma akwai kibiya a jikinta, don haka duk abin da ke gaba da kwanar ya mutu. Na yanke wurin, na haɗa wayoyi ukun da dalma.

Sai batun wuta. Ramin USB na talabijin ɗin an rubuta masa 5V 0.5A. Igiyar tana da ƙwai 30 a kowace mita, ka ce 105 ke nan, kowanne in aka ƙure shi a fari yana iya jan 0.06A. Lissafa ka gani, ya haura 6A. Shi ya sa farkon igiyar fari, ƙarshenta ja-ja kamar manja, domin shuɗi ne yake fara sarewa in wuta ta yi ƙasa. Na cire ta daga talabijin na ba ta cajar waya mai 2A a soket ɗinta daban, na rage hasken sosai. Ku riƙe wannan, domin daga ranar ta daina mutuwa tare da talabijin, ta zama mai cin gashin kanta. Manhajar ma sai da na kwana biyu ina fama kafin na tuna irin waɗannan kaya Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke gani, ba ruwansu da 5GHz. Akwai kuma wata ɗabi'a da na lura da ita na share: rimot ɗin dikoda in ka danna wani maɓalli, fitilar ma tana amsawa, saboda rimot masu araha da yawa harshe ɗaya suke yi da hasken nan da ido ba ya gani. Na ce zan rufe idon fitilar da ke karɓar saƙon rimot da tef. Ban rufe ba.

To ranar Asabar Baba, surukina, ya zo daga Toro ɗaurin aure, ya ce zai biyo ya ga jikoki. Kun san Baba. Shekara tara da auren nan, sau biyu ya taɓa taka falona. Ya zo da amininsa da limamin unguwarsu. Bayan magariba, babu wuta tun azahar, an kunna fitilar caji ɗaya a kan tebur. Su uku a kan kujera, ni a ƙasa kan kafet na tanƙwashe ƙafa, kai a sunkuye, ƙanin maman yara a rakuɓe bakin ƙofa. An gaisa, an sha shayi, Baba ya ce, "Malam, a yi wa gidan nan addu'a." Muka ɗaga hannu.

Malam bai kai ƙarshen salati ba na ji yaran unguwa sun kwashe da ihun nan da suka saba. An kawo wuta. Talabijin ba ta tashi ba, ita mai kunya ce, sai an danna. Amma fitila tana kan cajarta, kuma tana tuna inda aka bar ta. Inda aka bar ta kuwa, daga baya na gano, yara ne suka sha rawa da safe suka ƙure ta a kan bin sauti.

Da farko a hankali ta fara. Malam yana da murya mai kauri, kowace gaɓa ya furta sai bango ya yi numfashi shuɗi. Na ce a raina idanunsu a rufe suke, Allah ya sa a gajarta. Sai Malam ya ce Allah ya albarkaci zuri'a, mu huɗu muka haɗa baki muka ce amin. Jama'a, falon ya fashe. Ja ya taso daga kwanar hagu ya zaga talabijin a guje, kore ya bi shi, silin ya ɗauka. Na saci kallo. Farar babbar rigar Baba ta koma ruwan hoda. Gemunsa, gemun nan da ko 'ya'yansa ba sa iya kallo kai tsaye, ya zama kore shar kamar ganyen latas na Farin Gada. Aka yi shiru, ta lafa. Allah ya ƙara arziki. Amin. Ta sake tashi.

Ba a miƙewa ana tsakiyar addu'a, balle a gaban suruki. Hannuwana a sama, na miƙa ƙafa a hankali ƙarƙashin tebur ina lalube da yatsa har na taɓo rimot, na jawo shi, na danna da babban yatsan ƙafa. Na dikoda ne. Kuma maɓallin nan ne dai. Fitila ta bar bin sauti ta koma walƙiya, fari, duhu, fari, duhu, irin na motar 'yan kwana-kwana. Aminin Baba ya buɗe ido ɗaya, ya dube ni, ya dubi ƙafata a kan rimot, ya mayar ya rufe. Wallahi da ya yi magana da ya fi min sauƙi. Na sauke hannu ɗaya na zaro waya daga aljihu, na buɗe manhaja a ɓoye a kan cinya. Ta ce ba ta ga na'ura ba. Ina za ta gani, akwatin intanet ɗin gidan sai ya yi kusan minti biyu yake gama tashi bayan an kawo wuta. A sanyin Jos na watan Janairu, zufa na bin bayana.

Malam kuwa bai fasa ba, ya shiga yi wa iyaye da kakanni. Na ga ba sarki sai Allah, na rarrafa da gwiwa zuwa bayan kabad in zare cajar. Ratar da ke tsakanin talabijin da bango santimita 10 ce, daidai yadda ake so don haske ya bazu, amma ba daidai da hannun mutum mai hula ba. Hannun rigata ya kamo igiyar, gam ɗin gefen sama ya saki, mita guda ta zubo ta sauka a kan hulata ta ratayo a wuyana, tana ta walƙiya. A daidai nan aka ce Fatiha. Haka na shafa, a durƙushe, ina ƙyalli kamar motar amarya.

Baba ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Da ka bar ta ai. Na ga ita ma amin take cewa." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba." Me zan ce?

Yanzu ga maganar mai bidiyo, ƙanin maman yara. Yaron nan ni na biya masa kuɗin fom ɗin jarabawa har sau biyu. Jaket ɗina mai ruwan toka tana wurinsa tun sanyin bara, ya ce aron kwana ɗaya. Duk lokacin da ya zo sai ya buɗe firij kafin ya gaishe ni. Ana addu'a, kowa hannunsa a sama, shi hannu ɗaya ya ɗaga, ɗayan yana riƙe da waya a saitin ƙirji. Ku duba bidiyon da kyau, hoton yana rawa, dariya ce yake dannewa. Kuma da wane intanet ya tura? Da nawa. Akwatin da ya ƙi tashi ya cece ni, ya tashi daidai lokacin da shi yake bukata. Yayarsa na ce ta yi masa magana, ta ce to, ta shiga kicin, ina jin ta tana kunna bidiyon a can. A cikin bidiyon ma, in kun lura da hannun da ya leƙo gefen hoton, jaket ɗina ce a jikinsa.

Na rufe idon fitilar da baƙin tef, na ɓoye ɗan rimot ɗinta a saman wardirof, na kafe igiyar da ƙananan maƙalai na waya a kowace kwana saboda gam kaɗai ba ya jure zafin bayan talabijin. Tana kan fari yanzu, can ƙasa. Sai dai farin da ake haɗawa daga ja da kore da shuɗi ba fari ne na gaskiya ba, ga bangon falon kuma ruwan madara aka shafa masa, don haka abin da ke fitowa wani rawaya-rawaya ne. Maman yara ta ce sai dai a sake fenti. Baba ya kira shekaranjiya, ya ce ya iyali, ya aiki, ya fitila. Jaket dai har yau shiru.