Ziyarar ɗalibai zuwa Yukatan: a daina raba masana'anta da Mayawa

Jami'o'i da dama, musamman na Amurka, kan kwashi ɗalibai zuwa Yukatan da ke kudu maso gabashin Meksiko domin ziyarar ƙaro ilimi. Tsarin kusan iri ɗaya ne. Yau a shiga masana'antu a birnin Merida, a leƙa tashar jiragen ruwa ta Progreso, gobe kuma a nufi kufan Chichen Itza a ɗauki hoto a gindin dalar Kukulkan. Ina goyon bayan irin wannan tafiya, don gani ya kori ji. Abin da ke damuna shi ne yadda ake raba ta gida biyu: rana ɗaya ta tattalin arziki, rana ɗaya ta tarihi, sai ka ce babu abin da ya haɗa su.

Dalar kanta ta cancanci a je. Ɓangarorinta huɗu, kowanne da matakala 91, in ka ƙara dandamalin sama sun zama 365, adadin kwanakin shekara. Mayawa, 'yan asalin yankin da suka gina ta, sun san sifili a lissafi, suna da rubutunsu da kalandarsu. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1988. Amma ɗalibin da ya tsaya nan zai koma gida da zaton Mayawa al'umma ce da ta shuɗe, alhali fiye da mutum 700,000 na magana da harshen Maya na Yukatan a yau. Mai yiwuwa direban motar da ta kawo shi ɗaya ne daga cikinsu, haka ma matar da ke bakin keken ɗinki a masana'antar da ya shiga jiya.

Da ni ke tsara tafiyar, da zangon farko tsohon gandun heneken ne. Heneken tsiro ne mai dogayen ganye masu ƙaya a baki, yana kama da kabar giwa, kuma daga ganyensa ake fitar da zaren igiya. A ƙarshen ƙarni na 19 injinan girbi na manoman Amurka na buƙatar igiyar ɗaure dami ba iyaka, daga baya, a farkon ƙarni na 20, kamfanin International Harvester mai ƙera injinan girbi ya zama babban mai saye, har ake kiran tsiron koren zinariya. Da kuɗinsa aka gina katafaren gidajen da ke jere a titin Paseo de Montejo a Merida. A gandun Sotuta de Peon har yanzu ana nuna aikin: a sare ganyen da wuƙa, a loda a amalanken da alfadari ke ja a kan siririn dogo, inji ya kankare shi, a shanya farin zaren a rana kamar wanki.

To su wa suka yi wannan aikin? Mayawa ne, waɗanda aka ɗaure da bashin da ba ya biyuwa a kantin mai gandu. Da hannu ya yi kaɗan, aka koro 'yan ƙabilar Yaki daga arewacin ƙasar, aka kuma kawo Koriyawa kusan dubu a 1905. Sai a 1915 Janar Salvador Alvarado ya soke wannan bautar bashi. Daga baya igiyar roba ta shigo kasuwa, arzikin ya rushe, aka bar ƙauyuka da dogayen bututun hayaƙi babu aiki. Ɗalibin kasuwanci ba zai samu darasi a kan haɗarin dogaro da haja ɗaya da mai saye ɗaya da ya fi wannan ba, kuma ba zai fahimce shi ba sai ya san a bayan wa aka ɗora kayan.

Masu shirya tafiye-tafiyen za su ce kwanakin kaɗan ne, kuɗi kuma na iyaye ne, ba za a je ko'ina ba. Gaskiya ne. Amma ban ce a ƙara kwana ba, cewa na yi a sauya wanda ke bayani. A ɗauki ɗan jagora Bamaye, a biya shi yadda ya kamata, a bar ɗalibai su tambaye shi ra'ayinsa kan jirgin ƙasan Tren Maya da aka buɗe a Disambar 2023, wanda wasu ke murna da shi, wasu ke kuka kan dajin da aka sare.

A kuma rage awa biyu daga bakin teku a kai su garin Mani. A can ne a 1562 limamin coci Diego de Landa ya ƙone littattafan Mayawa, har ya zama huɗu kacal aka sani sun tsira a duniya. A garin nan dai, a yau, mata na kiwon melipona, ƙudan zuman da ba ya harbi, a cikin kututturen itace mai rami da ake toshe bakinsa biyu, yadda kakanninsu suka yi. Suna ɗura zumar a kwalabe suna sayarwa, kuma za su iya gaya wa ɗalibi nawa suke samu a shekara da wanda ke yanke musu farashi.