Dattawa na ba da lokacinsu kyauta, amma kula da su sai da kuɗi

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Litinin malamar aji biyu ta bugo waya. Dattijuwar da ke zama da yara uku tana taya su koyon karatu ba ta zo ba, kuma ba halinta ba ne. Jami'ar da ke kula da shirin dattawa 'yan sa kai ta ajiye rahoton da take rubutawa, ta kira dattijuwar har sau biyu ba a ɗaga ba, sai ta nemo lambar 'yarta. Ashe ciwon gwiwa ne ya taso mata da dare, ga shi kuma an sauya hanyar motar da ta saba hawa, tashar ta yi mata nisa. Kafin rana ta yi tsaka jami'ar ta samo wata 'yar sa kai mai mota da za ta riƙa biyo mata, ta shawo kan shugaban makarantar ya mayar da zaman karatun ajin ƙasa don kada a riƙa hawa bene, sannan ta koma ta lallashi dattijuwar, wadda ta riga ta fara cewa ita kam ta zama nauyi, gara ta haƙura.

Duk wanda ya taɓa kusantar shirin sa kai na dattawa ya san irin wannan safiya. Awa uku ta tafi, an ceto 'yar sa kai guda da yara uku da suka saba da ita. A cikin rahoton da za a aika wa masu ba da tallafi kuwa, babu gurbin da za a rubuta wannan awa uku.

Nan ne nake ganin kuskuren yake. Masu ba da kuɗi, gwamnati ce ko gidauniya, suna jin kalmar "sa kai" sai su ɗauka aikin ba ya cin komai. Suna son a kashe kowace dala a kan abin da ake iya ƙirgawa, su kuma ƙuntata wa wanda ke riƙe da ragamar aikin, suna kiran albashinsa da man motarsa da katin wayarsa "kuɗin gudanarwa" da ya kamata a rage. Ni a ganina, a shirin dattawa mai kula shi ne ƙashin bayan aikin, kuma duk tallafin da ya yi masa rowa kansa ya cuta.

Amurka ce ta fi daɗewa tana gwada wannan harka da kuɗin gwamnati, don haka darasinta ya cancanci a duba shi da kyau. A 1965, zamanin yaƙi da talauci na Shugaba Lyndon Johnson, aka soma shirin Foster Grandparents, wato kakannin riƙo, inda dattawa masu ƙaramin ƙarfi ke kula da yara masu buƙata ta musamman. Shirin RSVP ya biyo baya a 1971, ga duk dattijon da ke son ba da lokacinsa, ba tare da duba abin hannunsa ba. A 1974 aka ƙara da Senior Companions, wato abokan ziyara, dattawa masu sauran ƙarfi da ke ziyartar waɗanda rauni ya kama, don su ci gaba da zama a gidajensu, iyalan da ke jinyarsu kuma su ɗan sarara. A yau ukun suna ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna AmeriCorps Seniors, kuma daga shekara 55 ake shiga. Gwamnatin tarayya ba ta gudanar da aikin da kanta. Tana ba ƙungiyoyi da ƙananan hukumomi tallafi, galibi na shekara uku, su kuma su ƙulla yarjejeniya da makarantu da asibitoci da cibiyoyin raba abinci inda dattawan za su yi hidima.

A duba abin da dokar shirin ta ɗora wa ƙungiyar da ta karɓi kuɗin. Har zuwa 2024, dole ne ta ɗauki darakta na cikakken lokaci sai in an sasanta akasin haka. Dole ta saya wa 'yan sa kai inshorar haɗari. Dole ta rubuta yarjejeniya da kowace cibiya, ta sabunta ta aƙalla duk shekara uku. A shirin kakannin riƙo da na abokan ziyara sai an ba mutum horo na awa 20 kafin ya fara. Sannan dole ƙungiyar ta kawo nata kason: kashi 10 cikin ɗari a waɗannan shirye-shirye biyu, a RSVP kuwa, har zuwa 2024, kashi 10 ne a shekarar farko, 20 a ta biyu, 30 daga ta uku zuwa gaba, kafin a mayar da shi kashi 10 bai ɗaya. Kason na iya zama tsabar kuɗi ko kaya, kamar ɗakin taro ko abincin rana da makaranta ke ba dattijon, amma kowane ɗaya sai da takardar shaida. Wa zai bi makaranta ashirin yana karɓo takardar abincin rana duk wata? Mutumin nan ne dai da ake son rage wa albashi.

Ba na cikin masu cewa a watsar da takardu. Wasunsu kariya ce ta gaske. Kafin dattijo mai karɓar alawus ya zauna da yaro ko ya shiga gidan mara lafiya, sai an bincika sunansa a rajistar masu laifin lalata, an duba tarihinsa a jiha, an ɗauki hoton yatsunsa an aika wa hukumar FBI. Ƙungiyar da ta yi sakaci da wannan ana iya sa ta mayar da kuɗi. Na goyi bayan hakan ɗari bisa ɗari, domin tsufa ba ya wanke mutum daga mugun hali, kuma yaron da aka damƙa wa baƙo haƙƙinsa ne a tantance baƙon. Haka ma dokar da ta hana a sallami ma'aikaci mai albashi a maye gurbinsa da ɗan sa kai. In babu ita, makaranta mai ƙarancin kuɗi za ta kori mataimakiyar malama ta ajiye kaka a kujerarta, an cuci mutum biyu ke nan a lokaci guda.

Inda nake da ja shi ne ma'aunin nasara. A shirye-shiryen masu alawus, wato na kakannin riƙo da na abokan ziyara, ana raba kuɗi ne bisa abin da suke kira shekarar hidima, wato awa 1,044, kimanin awa 20 a mako. Ƙungiya ta yi alkawarin shekarun hidima kaza, to ta cika su ko ta fuskanci ragi. Lissafi ne mai sauƙi ga mai binciken kuɗi, amma yana tura darakta zuwa ga abin da bai kamata ba. Dattijo mai shekara 58 da ke iya awa 35 a mako ya fi cika masa alƙaluma a kan mai shekara 81 da ƙarfinta ya dawo awa shida. Ita ce za ta fi cin lokacinsa: a nemo mata abin hawa, a sauƙaƙa mata aiki, a kira ta ranar da ta yi shiru. Ita ce kuma ta fi buƙatar shirin. Watakila mijinta ya rasu, 'ya'ya sun yi nisa, kuma waɗannan yara uku su kaɗai ne ke jiran ganin fuskarta a mako. An sassauta ƙa'idar a 'yan shekarun nan, mafi ƙarancin hidima ya sauko daga awa 15 zuwa biyar a mako, kuma gyara ne mai kyau. Sai dai muddin jimillar awanni ce ke jawo kuɗi, daraktan da ya riƙe masu rauni yana yi ne da jarumtarsa, tsarin bai saka masa da komai ba.

Ana yawan mantawa cewa wannan aiki fuska biyu gare shi. Yaro ya amfana, kaka ma ta amfana. Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins, ƙarƙashin jagorancin Linda Fried, sun bi dattawan shirin Experience Corps da ke hidima a makarantun firamare na birnin Baltimore, suka ga ƙaruwar motsa jiki da alamun ingantuwar kaifin tunani a tare da su. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama barazana ga lafiyar al'umma. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye. Idan haka ne, tambayar "dattawa nawa ne suka ci gaba da zuwa bayan shekara biyu" ta kai tambayar "awa nawa aka yi" muhimmanci, in ma ba ta fi ta ba. Amsarta kuwa tana hannun mai kula. Dattijo ba ya barin aikin sa kai don ya gaji da yara. Yana bari ne ranar da ya je aka bar shi tsaye a ƙofar ofis ba wanda ya san da zuwansa, ko aka ba shi aikin jera takardu alhali shekara talatin ya yi yana koyarwa, ko ya kwanta asibiti mako biyu ba wanda ya tambaya.

Batun alawus ma abin dubawa ne. Daga 2002 har zuwa 2020 dala 2.65 ake ba kakannin riƙo a kowace awa, kusan shekara 18 ba ƙari. An ɗaga shi zuwa dala uku a 2020, ya kai dala huɗu a 2023. Ba albashi ba ne, ba a cire masa haraji, kuma ba a lissafa shi cikin kuɗin shiga da zai hana mutum sauran agajin gwamnati. Manufarsa ɗaya ce, kada talauci ya hana dattijo yin alheri. To amma ga wanda ke zaune a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, jinkirin mako guda wajen biyan wannan alawus ko mayar da kuɗin mota na iya nufin jinkirta sayen magani. Takardar awanni kuwa sai dattijon ya cika, mai kula da shi a makaranta ya sa hannu, ofis ya tantance. Da yawansu ba su saba da cika fom a kwamfuta ba, wasu idon ya yi rauni. Akwai mai zama kusa da su yana nuna musu layin da za su sa hannu, kuma lokacinsa kuɗi ne.

Masu ba da tallafi suna da hujjarsu, kuma ba zan raina ta ba. Sun ga ƙungiyoyin da suka cinye kuɗin talakawa a tarurruka da motoci da manyan ofisoshi, don haka suke tsoron duk abin da aka kira gudanarwa. Tsoron na kan hanya. Amma maganinsa shi ne a bambance tsakanin shugaban da ke yawon taro da jami'ar da ke da dattawa tamanin a wuyanta. Ita aikinta hidima ce kai tsaye, daidai da na malamar jinya a asibiti, kuma a nan ya kamata a rubuta albashinta. Gwamnatin Amurka da kanta ta ɗan gane an matse ƙungiyoyi da yawa: a 2024 ta ɗaga kason kuɗin ɗawainiyar ofis da ƙungiya za ta iya cira ba tare da doguwar tattaunawa ba daga kashi 10 zuwa 15. Taki ɗaya ne, amma ta hanyar da ta dace.

Su ma daraktocin da laifinsu. Wajen neman tallafi sukan yi alkawarin abin da suka san ba za su iya ba, su rubuta 'yan sa kai ɗari biyu da ma'aikaci guda, don takardarsu ta fi ta abokan takara kyau. Sun koya wa masu kuɗi cewa aikin na da arha, sai masu kuɗin suka yarda. Daga nan jami'ar ta gaji ta ajiye aiki a shekara ta biyu, ta tafi da abin da ba a rubuce yake ba: wane dattijo ne ba ya jin kira sai an je gida, wace makaranta ce ke mutunta baƙi, wace ce ke wulaƙanta su. Sabuwar da za a ɗauka za ta kwashe watanni kafin dattawan su saki jiki da ita, wasu ma sun tafi ke nan. Gaskiyar lissafi tun ranar rubuta takardar neman tallafi ta fi sauƙi a kan wannan asara, ko da za ta sa a rasa wani tallafin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da kuɗi suka yanke. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Amurka ta soke tallafin AmeriCorps, hukumar da ke ɗaukar nauyin ayyukan sa kai, na kusan dala miliyan 400 cikin 'yan kwanaki, kuma shirye-shiryen dattawa na cikin waɗanda abin ya shafa. Jihohi sun garzaya kotu, alƙali ya ba da umarnin a maido da tallafin a jihohin da suka shigar da ƙara. Kotu na iya maido da kuɗi, amma tsohon da ke kwance yana jiran abokiyar ziyararsa ranar Talata bai san da wata ƙara ba. Abin da ya sani shi ne ba ta zo ba. Tallafi na da wa'adi, sabo tsakanin mutum da mutum ba shi da shi, kuma ƙungiyar da ta haɗa su ta ɗauki amana tun ranar farko. Shi ya sa nake ganin wajibi ne kowane shiri ya tanadi abin da zai riƙe shi na 'yan watanni daga wata hanyar da ba ta mai tallafi ɗaya ba, kuma masu ba da kuɗi su yarda a gina irin wannan ajiya maimakon su ɗauke ta a matsayin almubazzaranci. Idan rufewa ta zama dole, a ba da sanarwa da wuri, a nemo wa kowane mara lafiya wanda zai karɓe shi, a kuma bar kaka ta je aji ta yi sallama da yaranta. Wannan ma aiki ne na makonni, kuma sai an biya wanda zai yi shi, don haka a rubuta kuɗinsa cikin kasafi tun shekarar farko.