Bakatsine Zai Sha Iska a Teku

Wani Alhaji Bakatsine ya sauke kaya a Legas, ciniki ya yi albarka, sai ya ce shi ma yau sai ya shiga jirgin nan mai ƙyalle da masu hali ke yawo da shi wajen Tarkwa Bay. Matuƙin da ya samu kuwa Banufe ne, ka san tsakaninsu ba a raga wa juna.

Bakatsine: Kai Nda, tashi inji mu tafi, ubangidanka ya iso.

Banufe: Yaushe bawa ya zama ubangida? Wannan jirgin iska ke tura shi, injin sai ta ɗauke. Fara cire babbar rigar nan.

Bakatsine: Shaddar tawa? A gaban Yarabawa?

Banufe: In ka faɗa ruwa da ita, ita za ta riƙe maka hannu da ƙafa. In ba ka faɗa ba, iska ta cika ta, sai dai a je Kwatano a karɓo ka. Ungo rigar ruwa mai hana nutsewa, ka ɗaure har igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi, don kada ta zame ta kai.

Bakatsine: Ina da laya. Kuma tun ina yaro nake iyo a kududdufin unguwarmu.

Banufe: Kududdufin naku yana cika yana janyewa sau biyu a yini?

Bakatsine: Sau ɗaya a shekara.

Banufe: To wannan duk bayan awa shida da 'yan kai yake juyawa. In ruwa na fita ta mashigar nan da ke tsakanin katangun duwatsu biyu, ya yi karo da igiyar teku mai shigowa, jirgi rawa yake yi ba ganga. Shi ya sa tun asuba na duba jadawalin ruwa da hasashen yanayi. Layar ka sa ta a aljihun rigar, su yi aikin tare.

Bakatsine: To mu bari sai bayan magariba, rana ta yi sanyi.

Banufe: Hukuma ta hana ƙananan jirage tafiyar dare. Ko da rana ma, lokacin hazo ba ka hango jirgin kwantena sai ya tsaya maka a ka. Hanyarsu ce ta zuwa Apapa da Tin Can, ga alamunta can suna lilo a ruwa, ja da kore.

Bakatsine: In ya taho sai ya taka birki mana.

Banufe: Ba shi da birki.

Bakatsine: Mu sai mu taka.

Banufe: Mu ma ba mu da shi. Kaucewa ake yi tun yana nesa.

(Nan Alhaji ya yi shiru, ya gyara zaman hula.)

Bakatsine: Wannan jarkar fa? Ruwa za mu kai wa teku?

Banufe: Ɗanɗana na tekun ka ji. Gishiri ne zalla, ƙishirwa yake ƙarawa. Ga anka da igiyarta, ga bokitin kwashe ruwa, ga usur, ga tocila. Wannan kuma oba-oba ce, tana kan tasha ta 16, ta neman agaji. In na faɗa ruwa ka danna ka faɗi inda muke da yawanmu.

Bakatsine: Kai ma kana faɗawa?

Banufe: In ka tashi tsaye ba izini. Kuma ka ga sandar da ke ƙasan ƙyallen? In na ce duƙa, ka duƙa.

Bakatsine: Ni in duƙa wa Banufe? Allah Ya kiyaye!

Banufe: Ita za ta duƙar da kai. Saura abu ɗaya: kira Hajiya ka gaya mata inda za mu da lokacin dawowa, don in an ji shiru a san inda za a nema.

Bakatsine: Hajiya ta san ina Mile 12 ina lissafin tumatir.

Banufe: To can za a je nemanka, cikin kwanduna.

Aka kwance igiya. Ba a kai ga barin gaɓa sosai ba igiyar farko ta ɗaga jirgi ta dire. Wainar da Alhaji ya ci da safe ta fara neman hanya.

Banufe: Kalli can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, daina kallon ƙafarka.

Bakatsine: Nda, akwai wata rigar ruwan? Miƙo in ɗora. Sannan ka juya mu koma, na tuna ban yi walaha ba.

Banufe: A'a, ɗakin kara! Ba ku aka ce kunya gare ku ba dai tsoro ba?

Bakatsine: Ai kunyar ce. Teku ya girme ni, ba ya kyautu in hau masa kai.